Babi na Tara: Sola a Cikin Jirgin Ruwa

Batirin jirgin ruwa ba kasafai yake tsufa ba, mutuwar ƙuruciya yake yi. A sayi batura biyu rana ɗaya a shago ɗaya, a ajiye ɗaya a ɗaki yana ba gida wuta, a saka ɗaya a jirgi. Na ɗaki zai yi shekaru yana aiki, na jirgi kuwa in ya ga damina ta biyu ya yi ƙoƙari. Mai jirgi zai ce jabu aka haɗa shi da shi, kuma wani lokaci gaskiyarsa ne. Amma mafi yawa yunwa ce ke kashe batirin. Kullum dare a ɗebi wuta, kullum rana a mayar masa da abin da bai kai wanda aka ɗiba ba.

Abin da ke gudana a cikin akwatin sananne ne. Batirin dalma, wanda Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, kuma har yau shi ya fi yawa a kasuwanninmu, allunan dalma ne jiƙe cikin ruwan asid. Duk lokacin da aka ja wuta, wani farin gishiri yakan kwanta a jikin allunan. Caji ne ke narkar da shi ya mayar da shi cikin ruwan, amma sai cajin ya kai ƙarshe. In aka tsaya a kashi 80 cikin ɗari yau, gobe ma haka, jibi ma haka, ragowar gishirin sai ya daskare ya ƙi narkewa, duk inda ya rufe kuma ya fita daga aiki ke nan. Batirin da aka rubuta wa 100Ah ya koma yana riƙe rabin haka, alhali a ido sabo ne fil. Don haka abin da ya kamaci mai jirgi ya tambayi kansa shi ne: me zan haɗa wanda zai riƙa cika batirin nan taf, akai-akai, har a cikin watan Agusta?

Masu buƙatar amsar suna da yawa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohon garin Busa da dazukan da ke kewaye, kututturan itatuwan suna nan a ƙasa, kuma direban da duhu ya riske shi tsakanin Yawuri da Malale ba shi da abin dogaro, bayan Allah, sai babbar fitilar da ke hannunsa. Masuntan Doron Baga kan yi kwanaki a tsibiran Tafkin Chadi ba su leƙo gari ba, haka na Yeji a tafkin Volta na Ghana. Waya tana son caji, domin da ita ake jin farashin kifi kafin a iso gaɓa. Jirgin katako kuma, komai iyawar wanda ya haɗa shi, yana yoyo. Ko dai yaro ya kwana yana kwalfe ruwa, ko famfo ya yi aikin. Yawancin injinan da ake maƙala wa waɗannan jirage da igiya ake tada su, ɗan cajin da wasunsu ke bayarwa kuma sai suna aiki, ga mai da tsada.

Akwai tambayar da gara a sallame ta tun yanzu, domin ana yawan yin ta. Farantan sola da za su hau rumfar kwalekwale ba za su tuƙa shi ba. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Inji mai doki 40 yana fitar da kusan wat 30,000, wato farantai 300 masu wat 100, su ma da tsakar rana kaɗai. Gaskiya ne ana ƙera jiragen da rana ke tuƙawa. PlanetSolar ya tashi daga Monako a Satumban 2010, ya zagaye duniya, ya dawo a Mayun 2012, sai dai farantan da ke bayansa sun haura murabba'in mita 500. Aditya, jirgin fito na jihar Kerala a Indiya, yana ɗaukar fasinja 75 tun 2017 da farantan kilowat 20 a rufinsa, an kuwa tsara gangar jikinsa ne musamman don ya ratsa ruwa da ƙaramin ƙarfi. Wannan wani fage ne daban. Namu shi ne fitila, waya, famfo, rediyo, in aljihu ya yarda a ƙara da firji.

Lissafi kafin kasuwa

A ɗauki jirgin masunta mai mutum shida da ke kwana a ruwa. Fitilun LED huɗu masu wat 5, awa shida a dare: huɗu sau biyar sau shida, wat-awa 120. Babbar fitilar haska hanya mai wat 30, in an tara kunnawa da kashewa ta kai awa ɗaya: 30. Wayoyi shida, kowace a ba ta 15: 90. Famfon kwashe ruwa mai wat 40, awa ɗaya da rabi: 60. Rediyo mai wat 10, awa biyar: 50. Jimla wat-awa 350 a yini da dare. A raba da bolt 12, ya ba da am-awa 29, a ce 30. Wanda ya tafi kasuwa babu wannan lamba a aljihunsa, mai shago ne zai yi masa lissafi, kuma da kayan da suka fi daɗewa a shagon zai yi.

Daga nan girman batir ya fito. Ba a cin batirin dalma fiye da rabinsa in ana so ya yi kwana. Kwana biyu na hadari am-awa 60 ne, a ninka, 120Ah; mai 150Ah ya fi kwanciyar hankali. Batirin mota ba na wannan aiki ba ne, an yi shi don ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙu kaɗan ya tada inji, allunansa sirara ne, sauke shi ƙasa kowane dare yana cinye su. Dogayen baturan nan na inbata masu ruwa suna da juriya a ɗaki, amma jirgi yana rangaji, asid yana fantsama, ya ci katako, ya ci igiya, ya ci ƙafar mutum. Wanda aka rufe ruf, jel ko AGM, shi ya dace da ruwa. Mai hali ya sayi litiyum irin LiFePO4: ana cin kashi 80 zuwa 90 nasa, nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, kuma zama ba a cike ba ba ya cutar da shi. Tsadarsa ce matsalar, sai kuma jabunsa da suka cika gari.

Yanzu faranti. Wat ɗin da aka buga a bayansa a ɗakin gwaji aka same shi, da haske na wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, ƙwayoyin farantin kuma suna kan digiri 25 a ma'aunin zafi. A rumfar jirgi cikin Afrilu ƙwayoyin nan sukan wuce digiri 60, kuma kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Zafi kaɗai ya tafi da kashi 15 ke nan. Ƙura ta ɗauki nata, waya ta ɗauki nata, batirin dalma ma ba ya mayar da duk abin da aka zuba masa. Mai lissafin gaskiya kashi 65 yake sa wa rai. Rana kuwa, a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, in aka dunƙule haskenta na yini ya kai awa biyar da rabi zuwa shida na cikakken ƙarfi, a matsakaicin shekara. Amma batir ba ya cin matsakaici, abin da ya samu yau shi yake ci, don haka a yi lissafi da awa 4.5 saboda marka. A raba 350 da 4.5, a sake rabawa da 0.65, amsa wat 120.

Nan ne ake faɗawa rami. Wat 120 zai biya cin yau ne kawai, ba ragi ba ƙari. In marka ta yi kwana biyu farantin bai kawo abin kirki ba, batir ya ci bashin kusan wat-awa 700, kuma babu rarar da za a biya da ita. Haka zai zauna a rabi har damina ta wuce, gishiri yana daskarewa. Da wat 200 kuwa, abin da ke shigowa a yini 585 ne, rara 235, cikin kwana uku an biya bashin. Bambancin kuɗin wat 120 da wat 200 bai kai kuɗin sabon batir ba, nesa ba kusa ba. A ganina duk wanda zai tsuke aljihu ya tsuke a wani wuri, ban da nan.

Firji yana rushe lissafin gaba ɗaya. Ƙarami mai aiki da bolt 12, mai jan wat 50, in injinsa yana gudu rabin lokaci saboda zafi, wat-awa 600 yake ci shi kaɗai. Jimla ta tashi daga 350 zuwa 950, batir na dalma ya haura 300Ah, farantai su doshi wat 500. Ga mai kai ɗanyen kifi birni wannan na iya biyan kansa. Ga mai yin banda a tsibiri, nauyi ne kawai ya ƙara wa jirgi.

A shago, kafin a karanta takardar bayan faranti, a auna farantin da tef. Na zamani mai kyau yana ba da wajen wat 200 a kowane murabba'in mita. Wanda tsawonsa mita ɗaya ne, faɗinsa rabin mita, wat 100 ne ko da an rubuta masa 250 da jan alƙalami. Bayan haka a fitar da shi rana da mita. Farantin da ake kira na bolt 12 yana da ƙwayoyi 36, in ba a jona masa komai ba zai nuna bolt 20 zuwa 22. Sai dai bolt ba ya tona asiri, ko faranti mai rauni yakan nuna shi. Am ne mai faɗin gaskiya: a juya mita zuwa wurin am 10, a taɓa wayoyin biyu na ɗan lokaci, mai wat 100 da hantsi ya kamata ya kusanci am 5 ko ya wuce.

Manyan farantan gida masu wat 500 da wani abu sun fi araha in ana ƙirga kuɗin kowane wat, shi ya sa suke jan hankali. Ɗaya daga cikinsu ya haura mita biyu a tsawo, nauyinsa ya wuce kilo 25. A ɗora shi a saman rumfar siririn jirgi, an ɗaga nauyi sama inda ba a son sa, an kuma shimfiɗa wa guguwar farkon damina abin kamawa. Biyu masu wat 100, kowane kilo bakwai ko takwas, sun fi dacewa, in ɗaya ya fashe kuma ɗaya na nan. Akwai masu lanƙwasuwa, marasa gilashi, da ake mannawa a rufi. Ba su da nauyi, amma iska ba ta ratsa ƙarƙashinsu, zafi ya dafa su, fatar ta dushe, ƙwayoyin su tsattsage. Ba sa kama ƙafar masu gilashi da firam ɗin alminiyum wajen daɗewa. A bar tazarar yatsu huɗu tsakanin faranti da rufi don iska. Batun fuskantar kudu da ake yi a gidaje bai taso ba, jirgi juyawa yake yi. Sa'ar da muka yi ita ce Yawuri digiri 11 kawai take arewa da tsakiyar duniya, rana kusan ta saman kai take bi, faranti a kwance ba ya asarar abin a zo a gani. A ɗan karkata shi kaɗan don ruwan sama ya wanke shi ya gangara.

Kwantirola

Ba a jona faranti kai tsaye da batir. Farantin zai ci gaba da turawa bayan batir ya cika, ruwan ciki ya tafasa ya ƙafe, na jel ya kumbura. Aikin kwantirola shi ne ta kai batirin dalma wajen bolt 14.4, ta riƙe shi a nan na wasu awoyi har gishirin ya gama narkewa, sannan ta sauko wajen 13.7. Waɗannan lambobi na digiri 25 ne. A zafin digiri 40 ya kamata su ragu da kusan bolt 0.3 zuwa 0.4, shi ya sa ake son kwantirola mai jin zafi, a kuma ajiye ta kusa da batir don su ji zafi ɗaya. Kada a manta a zaɓa mata irin batirin da aka jona, domin cajin mai ruwa daban, na jel daban, na litiyum daban.

Iri biyu ne a kasuwa. PWM makunni ce mai saurin buɗewa da rufewa, tana janyo farantin ƙasa zuwa bolt ɗin batir. Faranti mai wat 100 yana ba da am 5.5 a bolt 18. PWM za ta ɗauki am 5.5 ɗin a bolt 13.5, wat 74 ke nan. MPPT kuwa tana barin farantin ya yi aiki a inda ya fi ƙarfi, ta juya rarar bolt ta koma am. Masu sayarwa kan tsaya a nan su ce MPPT ta fi da kashi 30. A ƙasar sanyi haka ne. A wurinmu zafi ya riga ya sauko da bolt 18 ɗin nan zuwa 15 da ɗoriya, rarar da MPPT za ta juya ta ragu ƙwarai. Da ƙananan farantai masu ƙwaya 36, PWM ta kirki mai am 20 ba abin kunya ba ce. Inda PWM ke zama ɓarna shi ne in aka haɗa ta da farantin gida mai ƙwaya 60 ko 72, wanda ke aiki a bolt 30 zuwa 40. Mai wat 300 yana ba da wajen am 9. A bolt 13.5 wat 120 ne, sauran ya tafi a banza. Ana yin wannan haɗi da yawa, mai jirgi yana ganin faranti ƙato yana mamakin batir ba ya cika.

Araha ba ta ado: akwai ƙananan kwantiroli marasa nauyi da aka buga wa MPPT a goshi, cikinsu PWM ce. Ta gaskiya tana da naɗin waya a ciki, tana da nauyi a hannu. In an jona, a auna ɓangaren faranti a auna ɓangaren batir lokacin da take caji sosai da safe; in lambobin biyu kusan ɗaya ne, an sha ka. A jikin ta gaskiya akan ga lambobi biyu, kamar 100 da 20. Na farko iyakar bolt ɗin da za ta ɗauka daga farantai, na biyu iyakar am ɗin da za ta tura wa batir. Iyakar farko ba a wasa da ita, a kuma tuna bolt ɗin faranti yana hawa da sanyi, safiyar hunturu ce ke gwada ta.

Sarƙa ko kafaɗa da kafaɗa

Farantai biyu ana haɗa su ta hanya biyu. A haɗin sarƙa, wanda masu aikin ke cewa siris, jar wayar wannan ta shiga baƙar wancan: bolt ya taru ya zama 36, am ya tsaya a 5.5. A haɗin kafaɗa da kafaɗa, wato faralel, ja da ja, baƙi da baƙi: bolt ya tsaya a 18, am ya zama 11. Wat ɗin ɗaya ne. Da PWM a kan batirin bolt 12 babu zaɓi, kafaɗa da kafaɗa ne. Da MPPT ne magana ke buɗewa, kuma inuwa ce ke yanke hukunci.

Ƙwayoyin da ke cikin faranti ɗaya su ma a sarƙe suke, kamar leburori a jere suna miƙa wa juna bulo: in hannun ɗaya ya mutu, layin duka ya tsaya a kan saurinsa. Inuwar gora guda, ko bakin koma da aka shanya, ko kashin tsuntsu da ya rufe ƙwaya ɗaya, na iya durƙusar da rabin faranti. Masu ƙira sun saka 'yan ƙofofin kewaye a akwatin da ke bayansa, yawanci biyu a mai ƙwaya 36, don wuta ta tsallake ɓangaren da inuwa ta kama. Amma in ta tsallake rabi, bolt 9 ya rage, bai isa ya tura komai cikin batirin bolt 12 ba. A haɗin kafaɗa wannan farantin ya zama ɗan kallo, ɗan'uwansa ya ci gaba da aikinsa cikakke, an samu rabi tabbas. A haɗin sarƙa, 18 da 9 sun ba da 27, MPPT mai wayo za ta iya tatso kashi uku cikin huɗu. Marar wayo kuwa sai ta maƙale a inda farantin mai inuwa ya ja kowa ƙasa. Shi ya sa masu jiragen ruwa da yawa suka fi natsuwa da haɗin kafaɗa, masu kuɗi kuma su ba kowane faranti tasa ƙaramar kwantirola. Ni dai hukuncina shi ne: in rumfa fili ce babu abin da ke gitta ta, kuma waya za ta yi nisa, a yi sarƙa, in akwai sanda, tuta ko kaya da ke jefa inuwa, a yi kafaɗa. Abin da ya fi duka arha shi ne a hana yara shanya riga a kan faranti.

Ba a gauraya farantai barkatai. A sarƙa am ɗinsu ya zama ɗaya, a kafaɗa bolt ɗinsu ya zama ɗaya. In layukan da ke kafaɗa da kafaɗa sun kai uku, kowane layi ya samu fiyus nasa.

Waya da fiyus

A wutar gida mai bolt 230, asarar bolt ɗaya a waya ba a ma jin ta. A bolt 12, bolt ɗaya shi ne tsakanin batirin da ya cika da wanda bai cika ba. A ce am 10 zai bi waya daga rumfa zuwa kwantirola, nisan mita biyar. Zuwa da dawowa mita goma. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 2.5 za ta cinye bolt 0.7, fiye da kashi 5 cikin ɗari. Mai 4 ta cinye 0.44. Mai 6 ta cinye 0.29, kusan kashi 2. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada a wuce kashi 3. A nan haɗin sarƙa ke da riba, domin in am ya ragu da rabi, wutar da waya ke ƙonawa ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Tsakanin kwantirola da batir kuwa waya ta zama gajera mai kauri; in ba haka ba kwantirola za ta ga 14.4 a bakinta ta ɗauka aiki ya ƙare, alhali batir 13.9 yake gani. Yunwar da ba a san da ita ba ke nan.

Wayar ta zama mai silli-silli, ba mai ƙarfe guda ta bangon gida ba, wadda girgizar inji ke karyawa. A kankare silli ɗaya da wuƙa a shago: in cikinsa fari ne, alminiyum ne aka shafa wa jan ƙarfe, ba ya ɗaukar wuta kamar na gaske, a danshi kuma rugurgujewa yake yi. Wadda aka yi don ruwa jan ƙarfe ce da aka lulluɓe da kuza, tana da wuyar samu a nan amma wayar sola ta asali haka take. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba haɗi ba ne a jirgi. A matse kan waya da kan ƙarfe, a ɗaure da noti, a shafa basilin ko giris. A waje a yi amfani da mahaɗan MC4 da ke zuwa da farantai, ba sa shan ruwa. Inda waya za ta shiga akwati a bar ta ta ɗan lanƙwasa ƙasa tukuna, don ruwan da ke bin ta ya ɗiga a waje.

Babban fiyus ba don faranti ake sa shi ba, don batir ne. Faranti ko an haɗa bakinsa biyu am shida zai bayar. Batirin 150Ah kuwa, in jar waya ta goge ta taɓa baƙa, ɗaruruwan am zai saki nan take, wayar ta yi ja, robar ta kama, a cikin jirgin katako mai jarkokin fetur, a tsakiyar tafki. Ƙa'idar hukumar ABYC ta Amurka, wadda masu ƙera jirage ke bi, ita ce fiyus ya zauna cikin inci 7, wajen santimita 18, daga kan batir mai alamar +. Kowace waya da ta bar wannan kai ta samu nata. Ga kwantirola mai am 20 da waya mai kauri 6, fiyus na am 25 ko 30 ya yi. In ya ƙone, dalili ne ya ƙone shi. A nemo dalilin, kada a cusa takardar sigari ko guntun waya a gurbinsa.

Batir ya zauna ƙasa-ƙasa a tsakiyar jirgi saboda nauyinsa, amma a cikin akwati da aka ɗaga sama da inda ruwa ke taruwa, a ɗaure shi tamau, a rufe kawunansa don kada ƙugiya ko sifana ta faɗa a kai. Akwatin ya samu kafar iska ta sama: batir mai caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda ke kamawa da wuta in ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wuri. Fetur a can wani ƙarshen jirgin, nesa da batir da kwantirola da duk abin da ke iya tartsatsi. In batura biyu ne kafaɗa da kafaɗa, su zama iri ɗaya, sa'o'in juna, a ɗauki ja daga na farko, baƙi daga na biyu, don su raba aiki daidai. In injin na makulli ne, batirin tada shi ya zauna daban, kada cajin waya ya cinye abin komawa gida. Inbata, in akwai, kai tsaye take zuwa batir da fiyus nata. Haka ma famfon kwashe ruwa: ƙofar kaya ta kwantirola tana yanke wuta in batir ya yi ƙasa, kuma ba a son na'urar da za ta kashe famfo da tsakar dare don ta ceci batir.

Jerin jonawa ba ya canzawa. A fara da batir zuwa kwantirola, don ta farka ta gane bolt 12 ne ko 24. A rufe farantai da buhu, a tabbatar da ja da baƙi da mita, a jona, sannan a yaye buhun. Wajen kwancewa a juya: farantai su fara fita, batir daga ƙarshe. Kwantiroli da yawa sun ƙone ne don an cire batir an bar su da faranti a rana.

Bayan haka aikin kullum kaɗan ne. A goge farantai da tsumma mai ruwa da safe, musamman lokacin hazo. Ruwa dai ba a nemansa. Da asuba kuma, kafin rana ta taɓa faranti, a kashe komai, a ɗan jira, a ɗora mita a kan batir. Na dalma da ya nuna 12.6 ko sama a cike yake, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12.0 an shiga cutar da shi. In ka ga kwana uku a jere yana wayar gari ƙasa da 12.2, ko kuma mako ya wuce kwantirola ba ta kai shi 14 da ɗoriya ta sauko ba, to ka rage kaya ko ka ƙara faranti a ranar kasuwa mai zuwa, kada ka jira ƙarshen damina.